Ƙofar 'Yan Tudu

Lahadi, 10 ga Maris, 1996

A rubuta domin na baya su sani: yau bayan sujada, a ɗakin taro da ke ƙarƙashin coci, tsakanin tukunyar kofi da ragowar kek, ikilisiyar garin Harlow ta naɗa ni Marubucin Tarihinta. Ba abokin takara, ba albashi. Wanke hannu kawai na je yi, kafin in dawo an kawo sunana, an mara baya, an ɗaga hannu. Matata Lorna ce ta mara bayan. Na ajiye mata wannan.

A watan Satumba cocin zai cika shekara ɗari biyu, ana son ɗan littafi. Dwight Pingree, shugaban taro, ya ce ai mai koyar da tarihi a sakandare ba zai sha wahala ba, "ko ba haka ba, Farfesa?" Tun da na auri 'yar garin nan suke kirana Farfesa, kuma ba yabo ba ne.

Ba damar ƙi. Mu 'yan Kongirigeshon ba mu da bishop, ba mu da hedikwatar da za ta aiko mana da umarni. Ba kowa a samanmu sai Allah da taro, kuma akwai ranakun da nake shakkar wanne ake fara tambaya.

Duk da haka ba abin da zai ɓata mini rai a makon nan. Jibi za a sallamo surukina, Baba Elwin, daga asibiti.

Talata, 12 ga Maris

Ya dawo. Mun gode wa Allah.

A Janairu, da muka tsince shi kwance a ɗakin shanu, likita cewa ya yi mu shirya. Lorna har ta fito da baƙar kwat ɗinsa ta goge ta rataye. Yau ga shi a falonmu a kan keken guragu, ɓarin hagu ya shanye, baki ya ɗan karkace, amma idon nan yana nan yadda na san shi. Magana tana fitowa a hankali, kamar ana jawo ta daga rijiya. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Wa ya huda mini itatuwan mafil bana?"

Itatuwan da ake tatsar ruwan zaƙi a jikinsu yake nufi. Na ce ni ne.

Ya lumshe ido ya ce, "Allah ya ji ƙansu."

Lorna ta shige kicin ta yi kuka, irin na daɗi. Ni ma na tafi neman wani abu a mota, na daɗe ban same shi ba.

An ba shi ɗakin karatuna, tunda shi ne a ƙasa. Yanzu sai na ƙwanƙwasa kafin in ɗauki littafina.

Asabar, 23 ga Maris

Na fara aiki. Babin farko ba wuya: an gina cocin a kan Tudu a 1796, lokacin da gonaki duk suna can. Babi na biyu ne na dariya.

Bayan kamar shekara hamsin aka kafa masaƙa a bakin kogi. Mutane suka cika Kwari, suka gaji da hawan tudu cikin ƙanƙara kowace Lahadi. Aka kira taro, 'yan Kwari suka fi yawa, aka yanke a sauko da coci. Ba sabo za a gina ba, a'a, wannan ɗin dai. Aka ɗaga shi aka ɗora a kan gungume, aka ɗaura shanun noman gari kaf, aka ja shi a kan dusar ƙanƙara har bakin kogi. Ya kwana a hanya ba sau ɗaya ba. Wata Lahadi ma a tsakiyar gonar wani aka yi sujada.

'Yan Tudu sun sha kaye, amma sun biyo ginin da ƙafa, har da shanunsu aka ja. Abu ɗaya suka nema: ba za su shiga ta ƙofa ɗaya da waɗanda suka sace musu coci ba. Taro ya yarda. Aka toshe ƙofar tsakiya, aka fasa biyu. Ta hagu ta Tudu, ta dama ta Kwari. Bencinan hagu na Tudu, na dama na Kwari.

Masaƙar ta rufe tun kafin a haife ni. Rabin gonakin Tudu sun koma daji. Mu da ke zuwa sujada, in aka matse mu, bencina kaɗan za mu cika. Amma har yau amarya 'yar Tudu ta hagu take shiga, gawar ɗan Kwari ta dama take fita. Ni da ba ɗan ko'ina ba, aure ya mai da ni ɗan Tudu, ba wanda ya tambaye ni.

Na sa wa babin suna "Wautar Ƙofa Biyu." Lorna ta leƙo ta kafaɗata ta karanta, ta ce, "Kai dai ka gaji da zaman garin nan ke nan."

Lahadi, 7 ga Afrilu

Ista. Baba bai je ba.

Ƙofar hagu tana da matakalar dutse mai tsayi, keke ba ya hawa. Dwight ya zo da sassafe da maza biyu, suka ce za su ɗauke shi da kekensa gaba ɗaya.

"Ni ba buhun dankali ba ne," in ji Baba.

Ni kuma da wayona na ce, "Baba, ai ta dama kusan daidai take da titi. Ɗan dakali ne kawai."

Ya dube ni kamar na ce ya sayar da Lorna. Can ya ce, "Sau ɗaya za a ɗauke ni a ƙofar hagu. Ranar kuwa ba zan ji ba."

Muka tafi muka bar shi da rediyo. Gurbinsa na ƙarshen benci ya zauna fanko. Tun yana goyo bai taɓa rasa Ista ba, shekara tamanin da uku. Da aka fara waƙa sai na ji kamar an cire wa ɗaki dabe. Ashe shi kaɗai ne ke riƙe da babbar murya duk shekarun nan, mu sauran maza baki kawai muke buɗewa.

Laraba, 10 ga Afrilu

Kwamitin gini ya zagaya coci da awo. Za a yi gangarar katako domin keke. A hagu ba zai yiwu ba: kaburbura daga jikin bango suka fara, gangarar sai ta bi ta kan waɗanda suka kafa cocin, har da kakannin Baba. Ɗakin taro na ƙasa yana da tasa ƙofar ta baya, daidai da ƙasa, amma matakalar da ke haurawa daga can zuwa wurin sujada siririya ce mai lanƙwasa, ko mai lafiya sai ya karkace. Saboda haka sai dama.

Kowa ya ce to, an huta. Ban da waɗanda suka san Baba.

Asabar, 20 ga Afrilu

Na yi wauta yau, kuma da shiri na yi ta.

Na ce a raina, mutumin nan al'ada ce ta ɗaure shi, ni kuma ga ni da tarihi a hannu, bari in kwance shi. Na kai masa kofi, na ja kujera.

"Baba, kun san wanda ya fara neman ƙofar nan?"

"Ephraim Tarbell. Kakan ubana."

"To, mutumin nan rigimamme ne. An sha kai shi gaban taro saboda faɗa. Ya taɓa jifan dattijon coci da kabewa. Ƙofar nan ba ibada ba ce, fushinsa ne kawai ya zama katako. Allah bai ware hagu da dama ba. In kun shiga ta dama, ba abin da zai faɗo daga sama."

Na daɗe ina zuba. Har Girkawa na kawo, ban san me ya kai ni ba. Yana saurare, hannunsa mai lafiya yana kan marar lafiyar.

"Ka gama?"

"Na gama."

"Uwar matarka, ta wace ƙofa na shigo da ita?"

"Ta hagu."

"Ta wace na fitar da ita?"

Na tashi na mai da kujera inda take.

"Ja mini ƙofa, Farfesa. Kowacce ka ga dama."

Litinin, 22 ga Afrilu

Ya ƙi motsa jiki. Ya maido da abinci. Ya tambayi Lorna ina baƙar kwat ɗinsa, ko tana nan a goge.

Lorna ba ta yi mini magana ba tun Asabar, sai abin da ya shafi gishiri.

Juma'a, 3 ga Mayu

Taɓo ko'ina, motata ta kafe a hanyar makaranta. Mai zuwa koya wa Baba motsa jiki ta tare ni a baranda ta ce jikinsa zai iya fin haka nesa ba kusa ba. "Amma sai mutum yana da inda yake son zuwa," in ji ta. "Shi kuwa ya ce mini ba shi da."

Ya rame. Kwalar rigarsa ta yi masa yawa. A Janairu mun ji tsoron ciwo zai ɗauke shi. Yanzu ƙofa ce za ta ɗauke shi, a hankali, muna kallo.

Alhamis, 9 ga Mayu

Yau Mavis Goodell ta zo gidanmu, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ita ce uwar 'yan Kwari. Ta haura tamanin, gwiwoyinta sun lalace, da sanda take tafiya, kuma sandar ba tafiya kaɗai take yi ba. Shekara talatin Baba yana shugaban taro, shekara talatin tana musa masa: launin darduma, gyaran molon coci, ko a sa albasa a abincin kaza na lokacin kaka ko kar a sa. In ya ce rana ta fito sai ta nemi a kaɗa ƙuri'a.

Ta shigo da tukunyar wake, ta wuce ni kamar ni ne maratayin hula. Na tsaya a bakin ƙofa ina gyaran littattafan da ba su bukatar gyara.

"Ashe ba ka mutu ba," ta ce wa Baba.

"Ina jira ki riga ni."

"Za ka daɗe. An ce ka ƙi shiga ƙofarmu. Madalla. Mu ma ba ma son ka, tayoyin nan naka za su ɓata mana dabe."

"Me kika kawo?"

"Wake. Ba naka ba ne, na Lorna ne, ita ke wahala."

"Miƙo." Sai ƙarar cokali. "Gishiri ya yi yawa."

"Bakinka ne ya karkace."

Ya cinye kwano guda tas, wai don ya tabbatar da maganarsa. Rabon da ya ci haka tun kafin Ista.

Da za ta fita sai ta dungure ni da sanda. "Kai Farfesa. A littafin nan naka, wa ya ba su ƙofar hagu?"

"Taro."

"Ba fasto ba? Ba daga Littafi Mai Tsarki aka ciro ba?"

"Taro ne. An kawo ƙudiri, an ɗaga hannu."

Ta ce, "Hm," ta tafi.

Na san abin da take shiryawa. Shekara ɗari da hamsin 'yan Kwari suna jiran ranar da ɗan Tarbell zai sunkuyar da kai ya shiga ƙofarsu. Makami take nema. Ni kuma na miƙa mata.

Lahadi, 19 ga Mayu

An sanar da taro, biyu ga Yuni, domin amincewa da gangarar. Na fara rubuta nawa ƙudirin: a soke rabon ƙofofi gaba ɗaya, kowa ya shiga inda ya ga dama, kamar mutanen da suka san ƙarnin da suke ciki. Na tanadi jawabi mai kyau. Ban nuna wa Lorna ba.

Da muka dawo ta gaya wa Baba. Ya ɗago kai.

"Taro a kaina? Ba ni a wurin?"

"Baba, ai ba sai ka je ba."

"Ƙofar ɗakin taro ta wa ce?"

"Ba ta kowa ba."

"To kawo mini reza."

Alhamis, 23 ga Mayu

Ya koma motsa jiki. Ɗaga hannun dama kawai yake so a koya masa, sama sosai, "domin in na ce a'a, na baya ma su gani." Mai koyarwar ta ce ita dai ba ruwanta da dalili.

Ya ci ƙwai biyu. Lorna ta yi mini magana a kan abin da ba gishiri ba.

Lahadi, 2 ga Yuni

Zan rubuta shi yadda ya faru, tun ban fara gyara shi don in fito da kyau ba.

Ɗakin taro ya cika. Har waɗanda sai Kirsimeti ake ganinsu sun zo. Na turo Baba ta ƙofar baya, sanye da baƙar kwat ɗin nan, wadda ashe ta sami wani aikin. Mutane suka tashi suna gaishe shi, ya ce su zauna, ba jana'iza ba ce tukuna.

Dwight ya karanta shawarar kwamiti: gangara a ƙofar dama. A hannun Baba ya koyi shugabancin taro, don haka bai ɗago ya dube shi ba. Baba ya nemi magana. Ta daɗe kafin ta fito, ba wanda ya yi tari.

"Kada a ɓata katako saboda ni. Ba zan shiga ba."

Sai na miƙe. Na yi jawabina. Ban rage komai ba, har Girkawan sun dawo. Na ce lokaci ya yi da za mu zama coci ɗaya mai ƙofa biyu, ba coci biyu mai rufi ɗaya ba. Wannan jimlar kwana uku na yi ina goge ta. Na gabatar da ƙudiri, na tsaya.

Dwight ya ce, "Akwai mai mara baya?"

Na ji tukunyar kofi tana tafasa. Fasto Denby ta dubi takalmanta. Lorna, wadda ta mara wa naɗina baya a Maris ba tare da an roƙe ta ba, ta ga wani abu a silin da ya ɗauke mata hankali. 'Yan Tudu da 'yan Kwari, karo na farko a tarihin da nake rubutawa, bakinsu ya zo ɗaya.

"Ƙudiri ya mutu," in ji Dwight, da tausayi. "Sannu, Farfesa."

Na zauna.

Sai Mavis ta dogara sanda ta miƙe. Na ce a raina, ga ta nan.

"Ina da ƙudiri. A yi gangara a dama. Daga ranar da aka gama ta, ƙofar dama ta zama ta 'yan Tudu. Mu 'yan Kwari mu koma ta hagu."

Ɗaki ya rikice. Wani daga bayanta, ɗan ƙanenta mai sayar da man mota, ya ce, "Haba Gwaggo, matakalar dutsen nan fa? Ke da gwiwoyinki?"

"Gwiwoyina nawa ne. Kai ka ji da tumbinka." Ta juyo. "Taro ya ba su waccan, taro zai iya ba su wannan. Farfesa ya ce haka yake a tarihi. Ko ba ka ce ba?"

Na ce na ce. Shekara nawa ina koyar da tarihi, yau ne na ga an yi aiki da shi.

Fasto ta mara baya da sauri, kamar wadda ke tsoron a fasa. Sai wata ta tambaya, to bencina fa, su ma za a sauya? Nan aka ɓata lokaci mai tsawo. Ba mai barin gurbin da kakarsa ta ɗinka wa matashi. A ƙarshe aka ce bencina su zauna yadda suke. Na ɗaga hannu in nuna musu cewa ke nan kowa zai shigo ta ɓangaren da ba nasa ba, sai Lorna ta danne mini hannun.

Baba ya sake neman magana.

"Ba na karɓar sadaka daga Kwari."

"Wa ya ba ka sadaka, tsohon taurin kai?" in ji Mavis. "Kaye za ka sha. Kakan ubanka ya sha nasa, ya ɗaura shanunsa ya bi coci. Kai ma sha naka ka bi."

Dwight ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi hagu da dama. Nawa ma na gan shi a sama, ban san lokacin da ya tashi ba. Ya ce masu adawa. Hannu ɗaya, na Baba, a miƙe sambal, ya fi na kowa tsayi. Wahalar motsa jikin ba ta tafi a banza ba.

"Ƙudiri ya wuce."

Kowa ya juyo yana kallonsa. Lorna ta damƙi hannuna har na ji farcenta. Ya sauke hannun a hankali, ya ɗora a gwiwa. Ya daɗe yana kallon wurin da teburin shugaba yake. Sai ya faɗi abin da ya faɗa wa wasu shekara talatin, in sun sha kaye suna huci:

"Taro ya yanke."

Na ji iska ta fita daga ƙirjin mutum hamsin a lokaci ɗaya.

Bai gama ba. Ya ce yana da nasa ƙudirin: duk ɗan Kwari da ƙafa ta gaza masa, yana iya bin gangara a matsayin baƙon Tudu. Ya wuce. Hannu ɗaya ne ya yi adawa, da sanda a cikinsa.

"Gara in rarrafa," in ji Mavis.

Litinin, 3 ga Yuni

Ya nemi ƙarin abinci. Ya ce an yi masa fashi da rana tsaka, kuma Dwight bai iya ƙirga hannu ba. Fuskarsa kamar ta wanda aka sauke wa kaya.

Na yi barci har na makara a makaranta.

Asabar, 22 ga Yuni

Ana ta aikin gangara. Baba yana gindin bishiya da hular kaba, yana sa ido. Ya ce wa Dwight kusoshinsa sun fi bakin Baba karkacewa, shi da kansa ya faɗa. Tunda ƙofar Tudu ce, ba zai yarda a yi mata aikin Kwari ba.

Ni an ba ni fenti. Aka duba, aka karɓe, aka ba ni riƙon tsani.

Lahadi, 7 ga Yuli

Ya shiga.

Na turo shi ta gangara, ƙamshin sabon katako yana tashi. A bakin ƙofa ya ɗaga hannu in tsaya. Ya shafa jikin ƙofar, ya ce, "Ba su taɓa sa mata mai ba. Ji yadda take kuka." Muka wuce.

Abin da na so in gaya musu a taro ya faru. Mu mun shigo ta dama za mu hagu, su sun shigo ta hagu za su dama, sai muka haɗe a bayan bencina. Gafara dai, sannu, wuce mana, a'a ke wuce, ya jikin mijinki, wannan jikanki ne ya girma haka? Na taka ƙafar ɗan ƙanen Mavis da taya. Matan da shekara da shekaru ɗaga wa juna kai kawai suke yi daga nesa sun tsaya suna maganar tumatir, har mai molo ta gaji ta sake farawa. An makara da fara sujada, ba wanda ya damu sai ni da na hango matsalar.

Mavis ta hau matakalar dutse ita kaɗai. An miƙa mata hannu, ta nuna sanda. Sai a waƙa ta biyu ta iso, fuska ja wur, ta zauna kamar sarauniya.

Baba ya yi waƙa. Yana ɗan bin baya, kalmomin ba su fita sosai, amma daben ya dawo ƙarƙashinmu. Ni kuwa wani abu ya shiga mini ido, ina jin ƙurar katako ce.

Lahadi, 15 ga Satumba

Bikin shekara ɗari biyu. An yi lafiya, an ci kaza da albasa, Mavis ta ce a rubuta cewa ba ta yarda ba.

Littafi ya fito. Babi na biyu sunansa "Ƙofa Biyu." Na gaya wa Lorna mai ɗab'i ne ya ce sunan ya yi tsawo. Ta ce, "Allah sarki, mai ɗab'i."

Wani baƙo daga babban birni ya tambaye ni dalilin wannan cakuɗewa a bayan bencina, yana murmushi irin wanda na sani, don nawa ne na da. Na fara yi masa bayani. Sai da kofinsa ya huce na lura ban yi dariya ko sau ɗaya ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ruwan jiya ya daskare. Matakalar dutse ta zama kamar gilashi, an zuba yashi amma bai hana ba. 'Yan Kwari suna hawa suna riƙe juna.

Muna gindin gangara sai na hango Mavis a ƙasan matakalar hagu. Ta ɗora ƙafa ɗaya, ta sauke. Ta sake ɗorawa, ta sauke. Ta tsaya tana gyaran safar hannu kamar abin da ya tsayar da ita ke nan. Gwiwoyin sun ƙara lalacewa tun rani, kowa ya gani, ba mai faɗa.

Baba ya ce, "Juya ni." Na juya shi.

"Mavis!"

"Me?"

"Zo ki karɓi keken nan. Farfesa bai iya turi ba, sai buga ni yake da bango."

Ban taɓa buga shi da bango ba. Sau ɗaya ne, kuma bangon ne ya fito.

Ta tsaya tana kallonmu. Can ta tako a hankali, ta cusa mini sandarta a ƙirji, ta kama hannayen keken da hannu biyu. Na ga yadda ta saki nauyinta a kai.

"Kada wani ya ce na shiga ƙofar Tudu," in ji ta. "Gurgu nake turawa."

"Tura dai, ki rage surutu."

Suka hau. Shi yana jan taya da hannunsa mai lafiya ta gefen da yake zaton ba ta gani, ita tana dogare da shi tana cewa ya yi nauyi, waken wa yake ci haka. Na biyo su a baya da sanda, na shiga ƙofarmu.

Na daɗe ina cewa wauta ce ta riƙe ƙofofin nan shekara ɗari da hamsin. Na yi kuskure. Ba sai Lorna ta ji ba.